Foka: Don Ka Ɗaga Zubi Tun Farko, Dole Ne Ka Ɗora Bayan An Shimfiɗa Karta?

Da rani, bayan an kai gero da dawa rumbu, zaman majalisa kan yi tsawo a ƙauyukan Kano da Jigawa. Dattawa suna kan dara a gindin bishiya, samari kuma suna rumfar mai cajin waya, wasu na ludo, wasu na kallon ƙwallo. 'Yan tsiraru daga cikinsu sun gano wasan kartar nan na Amurka da ake kira foka, musamman nau'in Tekzas Holdem, wanda ake bugawa a waya da 'ya'yan wasa na kyauta. Kuma kusan kuskure ɗaya ne ke kwashe musu 'ya'ya: mutum ya ɗaga zubi kafin a buɗe karta, sai ya ɗauka ya ci bashin sake zubawa ko mene ne ya fito.

Tun kafin a yi nisa, duk bayanin da ke tafe a kan 'ya'yan wasa ne waɗanda ba su da darajar ko kwabo. Da zarar kuɗi ya shiga, abin ya zama caca, Alƙur'ani ya haramta ta a Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma jihohin nan biyu suna kan shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Akwai ma malaman da ba sa son karta ko da babu kuɗi, saboda yadda take cinye lokaci da shagaltarwa daga salla, kuma maganarsu abar saurare ce. Abin da ya sa batun ya cancanci sharhi shi ne lissafin da ke cikinsa, na yanke shawara alhali ba ka ga abin da ke hannun abokin karawarka ba.

Karta 52 ce, dangi huɗu, kowane dangi 13: daga 2 zuwa 10, sai manyan J, Q, K da A. Ana ba kowa biyu a rufe. Mutum biyu suna sa zubin dole, ƙarami da babba, sai a zagaya: ko ka ajiye kartarka, ko ka bi, ko ka ɗaga. Daga nan sai a buɗe karta uku a tsakiya lokaci guda, wato shimfiɗa, sai ta huɗu, sai ta biyar, ana zagayen zubi bayan kowace. Idan aka kai ƙarshe, wanda ya fi kyawun haɗin karta biyar daga nasa biyun da na tsakiya shi ke kwashe abin da aka zuba. Zubin da wanda ya ɗaga tun farko ke yi a kan shimfiɗa shi ne zubin ɗori, wanda masu wasan ke kira sibet. A kansa za mu tsaya.

Ɗabi'ar ɗorawa kullum ba daga sama ta faɗo ba, tana da tushe. Wanda ke riƙe da karta biyu mabambanta, kamar Q da 9, sau 32 cikin 100 kawai shimfiɗa ke ba shi tagwaye (karta biyu masu lamba ɗaya) ko fiye. Sau biyu cikin uku ke nan bai samu komai ba. Wanda ke riƙe da tagwaye tun a hannu, kamar 6 da 6, damar ya samu ta uku a shimfiɗa ba ta kai kashi 12 cikin 100 ba. To tunda mafi yawan lokaci abokin karawarka hannu rabbana yake, zubi kan sa ya ajiye, kai kuma ka kwashe tsibin da ke tsakiya ko da kai ma ba ka da komai.

Akwai ma'aunin da ke nuna ko burga za ta biya kuɗin sabulu. Ka raba abin da za ka zuba da jimillar zubin naka da tsibin. A ce tsibi 600 ne. Idan ka zuba 200, ka sa 200 a haɗari don cin 600, wato 200 cikin 800: ya ishe ka idan yana ajiyewa sau 25 cikin 100. Idan ka zuba 300, sai ya riƙa ajiyewa sau 33. Zubin 400 na bukatar sau 40, zubin 600 kuma sau 50. Wannan ma an ƙaddara ne cewa duk sanda ya bi ka ka faɗi, alhali wani lokaci karta ta huɗu ko ta biyar za ta cece ka. Shi ya sa ƙaramin zubi a kan mutum ɗaya yake da wuyar zama asara.

Matsalar ita ce wannan kashi 32 ɗin matsakaici ne na duk shimfiɗun duniya. Akwai hanyoyi 22,100 da karta uku za su iya fitowa daga 52, kuma ba duka ne ke yi wa mutum biyun adalci ba. Wanda ya fara taya sa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, idan aka tayar da san ya ga yana ɗingishi, babu dillalin da zai ce dole ya ƙara kuɗi don shi ya fara tayi. Tayin farko an yi shi ne a kan abin da aka gani a lokacin. Shimfiɗa sabon gani ce.

Tambayar da ya kamata ta fara zuwa ranka ba "me na samu?" ba ce. Ita ce "wannan shimfiɗar ta wa ce?" Don amsa ta, sai ka daina kallon kartarka biyu, ka kalli rumbun hannayen da mai zama a kujerarka zai iya ɗagawa da su, da rumbun hannayen da shi kuma zai iya bi da su. Kai da ka ɗaga, rumbunka cike yake da manya: A-A, K-K, Q-Q, A-K, A-Q, K-Q. Shi da ya bi kawai, da yana da A-A ko K-K da galibi ya sake ɗagawa a kanka. Rumbunsa ya fi yawan matsakaita da ƙanana: 9-8, 7-6, 6-5 masu dangi ɗaya, ƙananan tagwaye, da tarkace irin su K-9 ko J-8.

Musamman idan mai babban zubin dole ne ya bi ka, rumbunsa yana da faɗi ƙwarai, domin rangwame ya samu. A ce zubin dole 50 da 100 ne, ka ɗaga zuwa 250, mai ƙarami ya ajiye. Shi mai babba 150 kawai zai ƙara don neman 400 da ke tsakiya, ya ishe shi ya ci sau 27 cikin 100. Don haka yana shigowa da hannaye masu rauni da yawa, kuma mafi yawansu shimfiɗa ba za ta taɓa su ba.

Ɗauki shimfiɗar K-7-2, kowace da danginta daban. Wannan warwatsattsiya ce: babu karta biyu da za su haɗu da ita su yi jeri (karta biyar masu lambobi bi da bi) nan take, babu mai jiran cika dangi biyar da karta ɗaya. Manyan hannayen da ke kanta, irin su A-A, K-K da A-K, a rumbunka suka fi yawa. Shi kuma mai 9-8 ko J-10 ko 6-5 ba shi da madafa. A nan kana iya ɗorawa da kusan duk abin da ka riƙe, kuma ƙaramin zubi ya wadatar, kashi ɗaya cikin uku na tsibi ko ma ƙasa da haka. Dalili shi ne wanda ba shi da komai zai ajiye ko 200 ka zuba ko 500, wanda kuma ke da K ba zai ajiye wa ko ɗaya ba. Ƙarin 300 ɗin ɓarna ce kawai. Haka A-8-3 take, haka ma shimfiɗa mai tagwaye irin Q-5-5. Ita mai tagwayen ta fi wuyar dacewa da kowa: a shimfiɗa mai lambobi uku mabambanta karta 9 ne suka rage da za su dace da ita, a mai tagwaye kuwa 5 ne kacal.

Yanzu juya zuwa 8-7-6, biyu daga ciki dangi ɗaya, kai kuma ka ɗaga ne daga kujerun farko inda ba a shiga sai da manya. Wannan shimfiɗar tasa ce. Mai 10-9 ko 5-4 ya riga ya cika jeri. Mai 8-7 ko 7-6 yana da tagwaye biyu. Mai 6-6, 7-7 ko 8-8 yana da uku. Duk mai 9 ko 5 yana jiran jeri ta fuska biyu, ga masu jiran dangi. A-K ɗinka da ta yi kyau minti ɗaya da ya wuce yanzu kallon kitse ake wa rogo. Idan ka zuba, kaɗan ne za su ajiye, da yawa za su bi, wasu kuma za su ɗaga a kanka su tilasta maka zubar da hannun da ke da karta 6 masu iya gyara shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: ka wuce ba tare da zubi ba. Har A-A ma a irin wannan shimfiɗa ba laifi ba ne a wuce da ita wani lokaci, domin tagwaye ɗaya ne, kuma tsibin da ya kumbura a nan ba kasafai mai tagwaye ɗaya ke cinsa ba.

Idan kuwa ka yanke shawarar zubawa a sarƙaƙƙiyar shimfiɗa, to ka zuba da nauyi, kashi biyu cikin uku na tsibi ko fiye. Mai jiran dangi yana da karta 9 da za su cika masa, cikin 47 da bai gani ba. Wato kashi 19 cikin 100 a karta ta huɗu, kusan 35 idan zai ga ta huɗu da ta biyar. Mai jiran jeri ta fuska biyu yana da 8: kashi 17, sannan kusan 31 da rabi. Idan ka zuba 200 a tsibin 600, shi zai biya 200 ne cikin jimillar 1,000, kashi 20 ke nan, kusan daidai da damarsa, ga kuma abin da zai ƙara ci a wurinka idan ya cika. Ka sayar masa da arha. Idan ka zuba 400, zai biya 400 cikin 1,400, kusan kashi 29, farashin ya fi ƙarfin abin da karta ɗaya za ta ba shi. Ƙa'idar da ke fitowa a nan ita ce: inda shimfiɗa ta zama taka, ka yawaita zubi amma ƙarami, inda ta sarƙe, ka rage yawan zubi amma wanda za ka yi ya zama babba, da hannu mai ƙarfi ko jira mai kyau.

Shimfiɗar da duka ukun dangi ɗaya ne, wadda ke zuwa kusan sau 5 cikin 100, a yi mata a hankali. Wanda ya riga ya cika ba zai ajiye ba, don haka ƙaramin zubi ko wucewa.

Duk wannan da mutum ɗaya ake. Idan biyu suka bi ka, damar a ce dukkansu ba su samu tagwaye ba ta sauka daga kashi 68 zuwa kusan 46. Idan uku ne, kusan 31. Wannan kuma lissafi ne na sama-sama, bai haɗa da masu tagwaye tun a hannu da masu jira ba, don haka gaskiyar ta fi haka muni. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A wasannin kyauta na waya ba abin mamaki ba ne mutum huɗu ko biyar su bi ɗagawa ɗaya, kuma a irin wannan tebur burga da hannu wofi kyauta ce kawai kake rabawa. Da mutum uku ko fiye, kada ka ɗora sai da tagwayen sama mai kyakkyawar rakiya (wato ka dace da mafi girman kartar shimfiɗa, ɗayar kartarka ma babba ce), ko abin da ya fi haka, ko jira mai ƙarfi ƙwarai.

Sai batun kujera. Wanda ke kujerar mai rabo shi ke magana a ƙarshe a duk zagayen da suka rage. Idan kai ne, kana ganin abin da ya yi kafin ka motsa, kuma idan ya wuce kana da ikon ganin karta ta huɗu kyauta. Idan kuwa shi ne a bayanka, abubuwa biyu sun canza. Na farko, bai samu rangwame ba, cikakken kuɗi ya biya alhali akwai wasu a bayansa, don haka rumbunsa ya fi na mai zubin dole tsafta: matsakaitan tagwaye irin 9-9 da 10-10, da A-J, K-Q masu dangi ɗaya. Na biyu, yana iya bin ka da hannu mara ƙarfi don kawai ya ga ko za ka karaya a karta ta huɗu, sai ya zuba ya kwashe. Saboda haka shimfiɗar da za ka ɗora a kanta ba tunani idan kai ne na ƙarshe, sai ka rage idan kai ne na farko. Kuma wajibi ne wasu lokuta ka wuce da hannu mai ƙarfi ma. In ba haka ba, duk mai lura zai gane cewa wucewarka na nufin ba ka da komai.

Bayan an gama duba shimfiɗa da yawan mutane da kujera, sannan ake komawa kan karta biyun da ke hannu. Mai ƙarfi ba shi da wahala, zuba, domin kana so tsibi ya girma. Mara komai ma da sauƙi, in shimfiɗa taka ce zuba, in ba taka ba ce bari. Inda ake tafka asara shi ne matsakaicin hannu. Kana da J-J, shimfiɗa ta zo A-K-4. Tambayi kanka: wa zai bi ni, wa zai ajiye? Duk mai A ko K zai bi, kuma ya fi ka. Mai 8-8 ko 9-7 zai ajiye, kuma da ma ka fi shi. Babban zubi a nan yana korar waɗanda kake ci, yana riƙe waɗanda ke cinka. Wucewa ta fi, musamman in kai ne na ƙarshe, domin kana isa ƙarshen hannu da arha, wani lokaci ma mai rauni ya yi maka burga ka kama shi.

A cikin hannayen wofi ma akwai na zaɓe. A kan K-7-2 mai karta ɗaya ta dangin zuciya, Q-J masu zuciya sun fi 5-4 na wani dangi nesa ba kusa ba. Ba don za su cika dangi biyar sau da yawa ba, wannan kusan kashi 4 ne kawai. Amfaninsu shi ne yawan kartocin da za su ba ka hujjar ci gaba: zuciya 10 da suka rage, duk wata 10 da za ta ba ka jiran jeri ta fuska biyu, A ko 9 da za su ba ka jira ta tsakiya (wadda lamba ɗaya ce kawai za ta cika jerin), ga Q ko J da za su ba ka tagwaye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka saki zubin ɗori, ka riga ka san kartocin da za ka sake zubawa a kansu da waɗanda za ka tsaya. Wanda ke zuba sau ɗaya ya janye duk sanda aka bi shi, ba ya ɗaukar lokaci ake gano lagonsa.

Yawan 'ya'yan da suka rage a gabanku shi ma yana da ta cewa. Idan tsibi 600 ne kuma abin da ya rage maka 1,200, zubin 400 da aka bi zai mayar da tsibi 1,400 kai kuma saura 800. Ka riga ka shiga ruwa, fita da tagwayen sama ta yi wuya, don haka yanke shawarar tun kafin zubin farko. Idan kuwa kowannenku yana da 10,000, tagwaye ɗaya ba hannun da za a kai duka a kansa ba ne.

Wani zai ce ai na'ura ta riga ta warware duk wannan. Gaskiya ne cewa a 2017 manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a Pittsburgh cikin hannu 120,000, kuma a 2019 Pluribus, wadda aka yi tare da masu bincike na Facebook, ta doke ƙwararru a tebur mai mutum shida. Manhajojin lissafi da ƙwararru ke nazari da su sun tabbatar da abin da aka faɗa a sama: ƙaramin zubi mai yawa a shimfiɗar da ta fi dacewa da mai ɗagawa, wucewa mai yawa a ƙananan sarƙaƙƙu da kuma lokacin da kake magana da farko. Amma lissafinsu an gina shi ne a kan abokin karawa wanda shi ma yake wasa daidai. Wanda ke gabanka a waya ba shi ba ne.

A nan ne mai wasa da 'ya'yan kyauta ya kamata ya fi mai da hankali. Mutumin da ya san gobe manhaja za ta sake ba shi wasu 'ya'yan ba ya jin zafin bi. Zai bi ka da ƙaramin tagwaye, da A tilo, da jira ta tsakiya mai karta 4 wadda damarta a karta ta huɗu ba ta kai kashi 9 ba. Ma'aunin nan na kashi 25 da 33 da 40 duk ya rataya ne a kan yana ajiyewa. Don haka ka sa masa ido: cikin sau goma da aka yi masa zubin ɗori, sau nawa ya ajiye? Goma ba ta isa hukunci ba, amma tana nuna alkibla. Idan bai ajiye fiye da sau biyu ba, to ko zubin 200 a tsibin 600 ba ya biyan kansa ta hanyar burga kaɗai. Da irin wannan mutum sai ka juya tsarin: rage burga sosai, faɗaɗa hannayen da kake zubawa don a bi ka, kuma ka ƙara nauyi. K-10 a kan K-7-2, wadda da ƙwararre za ka yi mata ƙaramin zubi, da shi ka zuba kashi biyu cikin uku, ka sake a ta huɗu, domin zai biya da 7 ko da 2. Amma ranar da wannan mai yawan bin ya ɗaga a kanka, ka yarda da shi. Wanda ɗabi'arsa bi ce ba ya ɗagawa da wofi.

Akasinsa shi ne mai tsoro, wanda ba ya ci gaba sai ya samu. Idan ya ajiye sau shida ko bakwai cikin goma, ɗora masa ƙaramin zubi a kusan kowace shimfiɗa muddin ku biyu ne, kuma da zarar ya bi, ka tsaya sai in kana da abin nunawa.

A haɗa su a hannu ɗaya. Kana kujerar mai rabo da A-Q mabambantan dangi, ka ɗaga zuwa 250, mai babban zubin dole ya bi, tsibi 550. Shimfiɗa ta zo K-8-3 warwatse, ya wuce. Mutum ɗaya ne, kai ne na ƙarshe, shimfiɗa taka ce: zuba 180, wanda ke bukatar ya ajiye kusan sau ɗaya cikin huɗu, ga A uku da za su iya ɗaga ka idan ya bi. Da shimfiɗar 9-8-7 ce mai dangi biyu, sai ka wuce ka ga ta huɗu kyauta. Da kuma K-8-3 ɗin ce amma mutum uku suka bi, biyu daga cikinsu irin waɗanda ba sa ajiyewa, nan ma wucewa za ka yi, kuma idan wani ya zuba rabin tsibi ka ajiye A-Q ɗin.